Fasfon Shamraiz

Shekara goma sha ɗaya ina jifan ƙwallo, Shamraiz Banaras yana tsugune a bayan sanduna yana cafewa. Jifana na murɗe ne, ba shi da gudu, sai dai in ƙwallon ta dira ƙasa ta karkace. Irin wannan jifa ba ya tsinana komai in ba ka da mai tsaron sanduna da ya san hannunka. Shamraiz ya san nawa. Tun kafin ƙwallon ta bar yatsuna ya riga ya matsa inda za ta biyo. Sunana Tufail, kuma duk abin da aka taɓa rubutawa a gaban sunan nan a takardun wasan kurket na Hong Kong, rabinsa nasa ne.

A unguwar Yau Ma Tei aka haife shi, a hawa na shida na wani tsohon bene marar lif, shekara biyu kafin a haife ni a layin bayansu. Shi ya sa nake ce masa Lala, kamar yadda mutanenmu ke kiran wa. Mahaifinsa, Haji Banaras, ya zo daga wani ƙauye kusa da Hazro a Pakistan tun yana saurayi, ya yi shekara talatin da huɗu yana gadin wani sito a bakin ruwa. Duk tsawon zaman nan bai koyi Kantonis, yaren garin, ba sai na cinikin albasa. Kullum cewa yake baɗi zai koma gida. Ya gina gida mai ɗaki tara a ƙauye, ya rataye hoton gidan a saman talabijin, su kuwa su bakwai suna kwana a ɗaki biyu.

A filin ƙwallon kwando muka fara wasa, da ƙwallon tanis da muke naɗewa da tef ɗin masu gyaran wuta, akwatin lemo shi ne sandunanmu. Ba wanda ke son tsayawa a baya, saboda aikin tsugunne ne da shan duka a ƙwauri. Shamraiz ya karɓa ne don yana son wurin da zai riƙa ganin kowa yana kuma yi wa kowa magana. Da muka girma muka koma kan ƙwallon gaske, mai taurin dutse, sai ya zamana shi kaɗai ne ba ya rufe ido in ta taso masa. Safar hannunsa ta farko kwance ce wani kulob ya yar, tafinta ya cinye, ya yanka silifas ɗin wanka ya cusa a ciki. Kafin ya kai ashirin da biyar babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannunsa na dama. In ya nuna maka hanya da shi, sai ka tambaye shi wacce daga ciki.

Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Yana da harshe uku, kowanne da aikinsa. Da Turanci yake tsokanar mai bugu, da Hindko, yarenmu na gida, yake gaya min inda zan jefa, Kantonis kuma na alƙalin wasa ne da masu shayi.

"Chacha, wannan kulkin aro ka yi?" haka zai ce wa mai bugu, wato baffa yake kiransa, ko da ya girme shi ko bai girme shi ba. "Ka mayar wa mai shi da wuri, ko ƙura bai taɓa ba." Sai ya juya harshe ya ce min, "Tufail, ƙafarsa ta baya dasa ta aka yi. Ja shi waje."

Wata Asabar wani Bature ma'aikacin banki ya gaji, ya kai ƙara wajen alƙalin wasa cewa muna ƙulla masa makirci da yaren waje. Alƙalin wani tsohon Basine ne da ba ya dariya. Shamraiz ya cire safar hannu ya kira shi malam da Kantonis, ya ce, "Sifu, tsakani da Allah, a nan garin wanne ne yaren waje, nawa ko nasa?" Tsohon ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, kafaɗunsa suna rawa.

Yana da ashirin da biyu aka kira shi tawagar Hong Kong, yana da ashirin da bakwai aka ba shi kyaftin. A lokacinmu wannan ba aikin da zai ciyar da mutum ba ne. Kowa da sana'arsa. Ni ina cinikin wayoyin hannu a Sham Shui Po, shi kuwa dakon tukwanen gas yake yi zuwa benayen da ba su da lif, tukunya a kafaɗa, hawa bakwai, hawa takwas, sau talatin a yini. Daga nan ya wuce atisaye ya tsuguna ya tashi sau ɗari biyu. Sau uku yana rasa aiki saboda tafiyar wasa. Mai gidansa na uku da ya ji dalilin neman hutun sai ya ajiye sandunan cin abincinsa ya ce, "Wai Hong Kong na da tawagar wannan abin? Kai ne kuma shugabansu?" Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in ya tafi kada ya dawo. Shamraiz ya tafi.

Ban taɓa ganin kyaftin irinsa ba, ba don yana abokina ba. Tawagarmu tarkace ce: 'yan Pakistan, Indiyawa biyu, Bature ɗaya ko biyu, Sinawa 'yan kaɗan da suka koyi wasan a makaranta. Kowa da ɓangaren da yake zama a mota. Shamraiz ya hana. Shi ke raba ɗakunan kwana a otal, kuma da gangan yake haɗa wanda ba ya cin nama da wanda ba ya iya cin abinci sai da nama. In mai jifa ya sha duka ba ya yi masa faɗa a fili. Zai tako daga bayan sanduna har inda yake, ya ɗora masa safar hannu a kafaɗa, ya tambaye shi abin da matarsa ta dafa jiya.

Ranar da ta fi kowacce a rayuwarsa a Kuala Lumpur ta same mu. Wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi zai je babbar gasar Asiya, wadda ake shiga fili da tuta da kwat, duniya tana kallo. Abokan karawarmu sun saba lallasa mu, har ba sa kawo manyan 'yan wasansu duka. Tun da safe ƙwallo ta karya masa ɗan yatsan hannun hagu. Likitan tawaga ya ce ya fita, ya ce a ɗaure masa shi da na kusa da shi. Da yamma ta yi saura musu maki biyar su ci, mu kuma saura mana mutum ɗaya mu fitar. Ya miƙo min ƙwallon.

"Lala, ba wa mai jifan gudu," na ce masa. "In mai bugun nan ya ɗaga ni sama an gama."

"So nake ya ɗaga ka. Tun ɗazu yake kallon wancan allon talla, yana son hotonsa a jarida. Ba shi a sama-sama, a hankali, kamar kana miƙa wa surukarka shayi."

Na jefa yadda ya ce. Mutumin ya baro layinsa da gudu zai kai ta bayan fili, ƙwallon ta dira ta karkace ta wuce kulkinsa. Kafin ya juyo Shamraiz ya cafe ta da karyayyen hannun ya tarwatsa sandunan. Sai da muka gama tsalle a kansa muka lura ya yi amai don zafi.

Sati biyu da dawowarmu aka tara mu a ɗakin canza kaya. Shugaban masu zaɓen 'yan wasa ya karanta mana ƙa'idar gasar. Katin zama ba ya shigar da mutum, ko a nan aka haife shi. Sai fasfon Hong Kong. Fasfon kuwa ba a ba wa irinmu sai mutum ya nemi zama ɗan ƙasar Sin, ya ajiye na Pakistan. Saura wata goma sha huɗu a rufe sunaye, takardun kuma sukan ci wata tara ko goma. Cikin mu goma sha biyar mutum shida ne ke da fasfon. Ina cikinsu. Na yi nawa shekara uku kafin nan saboda tafiye-tafiyen sana'a, mahaifina ya rasu, ba wanda zan nemi izininsa.

"Akwai lokaci," in ji Shamraiz. "Ranar Juma'a zan gaya wa Abbaji." Haka yake kiran mahaifinsa.

Tun ina yaro a gidansu nake cin abincin rana bayan sallar Juma'a, don haka a gabana aka yi. An shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, ga gurasar roti ga miyar wake. Shamraiz ya bari sai da tsohon ya ci rabi sannan ya yi bayani, a nutse, kamar yadda ya tsara a hanya. Haji Banaras bai ɗago ba.

"Wato za ka zama Basine."

"Takarda ce kawai, Abbaji."

"Takarda ce ta kawo ni nan." Ya gutsuri roti. "Shekara talatin da huɗu ina tsaye a ƙofar mutanen nan da sanda a hannu, ba wanda ya taɓa tambayata sunan ubana. Kai kuma za ka je ka bi layi ka roƙe su su mai da kai nasu, saboda wasan yara." Ya juyo gare ni. "Kai na ji tuni ka sayar da naka."

"Chacha ji, sana'a ce ta sa."

"To, kai maraya ne. Wannan ubansa na da rai."

Da Shamraiz ya yi shiru a nan, wataƙila da an shawo kan tsohon a hankali. Amma mutum ne da bakinsa ya saba ba da amsa.

"Abbaji, a nan aka haife ni. Sau uku na taɓa zuwa ƙauyen nan, duk ukun gudawa na yi har na dawo."

Mahaifiyarsa ta ajiye ludayi. Haji Banaras ya dubi hoton gidan da ke saman talabijin, ya daɗe yana dubansa.

"Kai ne babba. Kai na gina wa. Ran da ka sa hannu a takardar nan, ni da kai mun gama cin abinci a wuri ɗaya."

Shamraiz ya karɓo takardun duk da haka, ya cike su, ya bar wurin sa hannu. Ya ce zai ba tsohon sati biyu ya huce. Sati biyu suka zama wata biyu. Ya tura limamin masallacinmu, tsohon ya ba liman shayi ya sallame shi. Ya tura kawunsa ta waya daga ƙauye, ashe kawun ya fi kowa zuga wutar. Kullum a wajen atisaye sai na tambaye shi, kullum sai ya ce, "Ya fara laushi. Jiya har ya tambaye ni yatsana."

Matarsa Tasleem, wadda ke aikin tafinta a wani asibitin unguwa, ita ta fi mu ganin inda abin ya dosa. Na je gidansu a Kwai Chung wata Lahadi na tarar suna kai.

"Tufail, gwara da ka zo," ta ce. "Gaya wa yayanka ko dai ya sa hannu ko ya yaga. Wata biyar takardar nan tana ƙarƙashin katifa, har ta fara wari."

"Bhabhi, matar yaya, ni me zan ce."

"Shi a fili ya san abin da mutum zai yi tun bai yi ba. Ubansa ne kaɗai ya kasa karantawa. Tsohon nan ba zai taɓa cewa to ba. Jira yake lokaci ya ƙure, ya ci wasa ba tare da ya yi bugu ba."

Shamraiz ya ce mata ta daina yi wa mahaifinsa irin wannan magana. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa.

Sai da sanyi ya shigo, Haji Banaras ya tafi ƙauye duba gidansa kamar yadda ya saba, sannan Shamraiz ya sa hannu ya kai. Wata bakwai ya ɓata, saura bakwai. Matar da ta karɓi takardun ta gaya masa gaskiya cewa da wuya. Ko sati ba a yi ba wani daga masallaci ya buga wa tsohon waya ya tsegunta masa.

Da tsohon ya dawo bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba. Juma'ar farko Shamraiz ya yi sallama ya zauna a bakin leda. Tsohon ya sa hannu a kwanon wanke hannu, ya goge, ya tashi ya shiga ɗaki. Juma'a ta biyu haka. Shamraiz bai fasa zuwa ba, tsohon bai fasa tashi ba. Ni na daina zuwa a ta huɗu, abincin ba ya wuce min.

Ranar da aka rufe sunaye fasfo bai fito ba. Washegari da hantsi shugaban masu zaɓe ya kira ni ina shago, ya ce sun yanke shawarar ba ni kyaftin. Na sha gaya wa mutane cewa na nemi a ba ni lokaci in yi tunani. Ban nema ba. Tun bai rufe baki ba na ce na karɓa.

Na sami Shamraiz a wani bene a Mong Kok, tsakanin hawa na huɗu da na biyar, da tukunya a kafaɗa. Na gaya masa a tsaye a kan matakala. Ya sauke tukunyar a hankali, ya goge fuska da gefen riga.

"Wa zai tsaya a baya?"

"Szeto."

Szeto Man-kit malamin motsa jiki ne a wata sakandare, shekararsa ashirin da huɗu, shi ne mai jiran gadon Shamraiz, bai taɓa buga wa tawaga wasa ko ɗaya ba.

"Yana saurin miƙewa," in ji Shamraiz. "Jifanka na son mai haƙuri a ƙasa. Turo min shi gobe da asuba."

"Lala, in kana so in ƙi..."

"Ka riga ka karɓa, ai ga shi a fuskarka. Allah ya sanya alheri. Matsa min, matar nan tun safe take jiran ta ɗora girki."

Na so a ce ya zage ni. Ya ɗaga tukunyarsa ya ci gaba da hawa.

Sati bakwai yana horar da Szeto kafin ya tafi aiki, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Yakan ɗora masa hannu a ƙeya ya danne, ni ina jifa, ba ya saki sai ƙwallon ta dira. Ya koya masa yadda ake gane jifana daga babban yatsana, abin da ya ɗauke shi shekaru kafin ya gano. Ran da za mu tashi bai zo filin jirgi ba, yana da odar gas ashirin da shida a unguwar Jordan.

Ba zan ce ban ji daɗin tafiyar ba. Mun shiga fili da kwat iri ɗaya, mutum dubu nawa ne suna tafi, ni ne a gaban 'yan kurket. Na tuna da Shamraiz lokacin da muke jira a ƙofar shiga, daga nan na manta. Mun ci wasanmu na farko. Szeto ya cafe mutum huɗu, biyu daga jifana, ya kuma yi maki arba'in da ɗaya da kulki, abin da Shamraiz bai yi ba cikin shekara uku. A wasa na biyu aka fitar da mu. Jaridun Sinanci da ba su taɓa rubuta kalmar kurket ba suka buga hoton Szeto.

Kwana goma sha tara da dawowarmu Shamraiz ya shigo shagona ya ajiye wani abu a kan gilashi, tsakanin wayoyi. Fasfo ne sabo fil, shuɗi mai duhu.

"Ga shi nan," ya ce. "Kalar ta yi kyau."

Na buɗe na rufe. Na ce akwai gasa ta gaba nan da shekara huɗu. Ya ce haka ne, gwiwoyinsa ma sun gaya masa za su jira.

Ba a mayar masa da kyaftin ba. Aka ce tawaga ta kama hanya, kada a taɓa ta. A tafiya ta gaba aka tafi da shi a matsayin na jiran ko-ta-kwana. Mutumin da ya jagorance mu shekara shida ya sa rigar 'yan benci yana shigo mana da ruwa in an tsaya hutu. Yakan miƙo min gora ya ce a hankali, "Wancan na hagun ba ya son ta a ƙafa," ya juya ya fita. Wasa biyar muka buga, bai sa safar hannu ba ko sau ɗaya.

Bayan wata huɗu aka zauna zaɓen tawagar wata tafiyar, wadda ba ta da gurbin mai tsaron sanduna biyu. Mu uku ne masu ƙuri'a. Koci ya ce Shamraiz. Shugaban masu zaɓe ya ce Szeto. Suka zuba min ido. Shamraiz na da talatin da huɗu a lokacin, in ya tsuguna ana jin ƙarar gwiwarsa daga inda nake jifa. Szeto ya fi shi bugu nesa ba kusa ba. Na ce Szeto. Na kuma ce kada kowa ya sanar da shi, ni zan je da kaina.

Sau biyu ina zuwa har gindin benensu a Kwai Chung. Na farko na tsaya na sha shayi a shagon ƙasa na koma. Na biyu na shiga lif, na danna hawansu, da ƙofa ta buɗe na sake danna ƙasa. A rana ta uku sakataren tawaga, da ya ɗauka na riga na je, ya tura wa kowa jerin sunaye ta waya. A haka ya gani. Bai kira ni ba. Bai kuma sanar da kowa ya yi ritaya ba, ya dai daina zuwa. Kayansa sun yi wata biyu a ma'ajiyar fili kafin Szeto ya kai masa gida.

Shekara biyu bayan nan Haji Banaras ya koma ƙauye gaba ɗaya, a karon farko da ya cika alkawarin baɗi. Bai yi wata takwas a can ba ya rasu. Shamraiz ya isa an riga an binne shi. Tasleem ce ta ba ni labarin. Tsohon ya yi wa ƙanin Shamraiz kyautar gidan tun yana da rai, a gaban shaidu. 'Ya'yan kawunsa suna ta ce masa Basine, wai wasa suke yi, suna tambayarsa ko a samo masa sandunan cin abinci. Kwana tara ya yi, a ɗakin baƙi na ƙofar gida aka shimfiɗa masa. Da ya dawo, direban tasin da ya ɗauko shi daga filin jirgi ya yaba masa Kantonis ɗinsa, ya tambaye shi shekara nawa ya yi a garin. Ban da tafiyar da ya raba mana ruwa, wannan ce kaɗai aka taɓa buga wa fasfon hatimi.

Mukan haɗu a masallaci ranar Idi da wajen jana'iza. Yana gaishe ni, yana tambayar yarana da sunansu. Ni na yi kyaftin shekara uku, ban ci wani abin kirki ba, aka ba wa Szeto, wanda ya riƙe shekara bakwai. Duk hirar da aka yi da Szeto sai ya ambaci wanda ya danne masa ƙeya, amma masu rubutawa sukan yanke wurin, ko su rubuta sunan ba daidai ba.

Bara aka shirya liyafar tsofaffin kyaftin-kyaftin, aka ba ni katinsa in kai masa, tunda kowa ya ɗauka har yanzu mu aminai ne. Yanzu ba ya hawa bene, an yi masa aiki a gwiwa ɗaya ana jiran ɗayar. Shi ke zama a kan teburin wani shagon gas a Kwai Chung yana amsa waya yana rarraba wa direbobi oda. Na je da la'asar. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. Ya aika aka kawo mana shayi mai madara daga maƙwabta. Ya karanta katin gaba da baya.

"Kwat za a sa?"

"Haka suka rubuta."

"Ba ni da kwat." Ya tura katin ƙarƙashin wayar tebur. "Ka gaishe su."

Na yi shekara tara ina tsara abin da zan faɗa, da na buɗe baki sai ya fito a hargitse. Na ce ranar zaɓen nan ni na raba gardama, ni na ce Szeto.

"Na sani. Koci ya gaya min a satin."

"Lala, ka yafe min."

"Me zan yafe? Ko ni ne a kujerar Szeto zan zaɓa. Yaron ya fi ni bugu, gwiwata kuma ta mutu. Da ka zaɓe ni da na raina ka." Waya ta yi ƙara, ya ɗaga, ya rubuta adireshi, ya ce wa matar nan da awa ɗaya, ya ajiye. "Tasleem ta gan ka ta taga. Ta ce ga Tufail a shagon shayi. Na sa ta ɗora abinci, na sa riga mai kyau na zauna. Na ce mata bar shi, nauyi yake ji, zai hawo. Washegari maƙwabcinmu ya ce ya gan ka a lif. Nan ma na zauna."

Na ajiye kofin shayina, shi kuma ya ci gaba.

"Ina kan matakala a Jordan saƙon ya shigo. Na karanta sunayen sau biyu, na ce ko idona ne." Ya kurɓi shayinsa. "Da ni ne, da na ƙwanƙwasa maka ƙofa. Shi ke nan."

Na ce zan iya samo masa kwat, akwai tela a Tsim Sha Tsui da ke ɗinkawa cikin kwana biyu. Ya girgiza kai yana leƙen titi ta bayana.

"Waccan farar motar taka ce?"

"Tawa ce."

"Gyara ta, motarmu za ta sauke kaya."

Na fita na gyara ta. Babu wani wurin ajiye mota a layin, na zagaya sau biyu ban samu ba, sai na wuce gida.